Tallan Kaya ta Wayar Hannu: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun daga shekarar 2001, sa'ad da kamfanonin MTN da Econet suka buɗe layukansu a Nijeriya, wayar hannu ta yi ta kutsawa ƙauyuka, har ya zama da wuya a sami kasuwa a ƙasar Kazaure ko ta Babura wadda babu rumfar mai cajin waya a cikinta. Da fari aikinta gaisuwa ne da sanar da haihuwa ko rasuwa. Yanzu kuwa ta shiga ciniki, kuma ana yawan zuwar wa masu ƙananan sana'o'i da maganar su biya kuɗi a tallata musu kayansu ta cikinta. Da yake talakawa sukan kawo irin wannan magana zauren Dagaci ko na Hakimi domin neman shawara, ya kamata Hakimai da malamansu su san yadda abin yake, gama jarin tela ko na mai man gyaɗa bai kai a yi gwaji da shi sau biyu ba.

Talla dai ba baƙon abu ba ne. Akwai sankira, akwai dillali, akwai yara masu zaga gari da faranti a ka. Amma wanda ya sa sankira shela yana jin muryarsa, yana kuma ganin taron da ya ji. Wanda ya biya tallan waya kuwa ba ya ganin kowa, sai lissafin da aka nuna masa. Daga nan ne yawancin hasara take fitowa.

Tallan da ba a biya

Mai sana'a yana iya ajiye lambobin waɗanda suka saba saye a wurinsa, in sabon kaya ya zo ya kira su, ko ya aika musu da hoto da saƙon murya ta WhatsApp. Ba ya kashe kome sai kuɗin kati ko na data. Wannan shi ne tallan da ya fi dacewa da ƙasashen Roni da Gwiwa, domin saƙon murya ba ya bukatar karatu, kuma mai saye yana jin muryar mutumin da ya sani. Sai dai a lura da abu biyu. Hoton da aka ɗora a sitatus yana gushewa bayan awa 24. Saƙon da aka watsa wa mutane da yawa a lokaci ɗaya kuma ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikowa a wayarsa. Watau tallan nan ba ya wuce da'irar waɗanda aka riga aka sani. Aikinsa riƙe tsohon mai saye ne, sabo kuwa sai wanda tsohon ya jawo.

Matan aure masu sana'a a cikin gida su ne suka fi kowa cin moriyarsa. Mai turaren wuta ko mai ɗinkin zanen gado tana nuna kayanta ga matan unguwa uku ba tare da ta taka ƙofar gida ba, yarinyar da a da za ta yini tana yawo da faranti sai ta kai kayan gida ɗaya ta komo. Hakimin da yake fama da iyaye a kan tura 'ya'ya mata makaranta ya sami hujja a nan.

Tallan da ake biya

Na farkonsa rubutaccen saƙo ne, wanda wani kamfani yake aika wa ɗaruruwan lambobi a madadin mai kaya. Amfaninsa shi ne yana shiga ƙaramar waya wadda ba ta da intanet. A farkon shekarar 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin waya, saƙo ɗaya ya tashi daga Naira 4 zuwa Naira 6. Kamfanonin aika saƙo da yawa suna da nasu farashi, amma in aka ɗauki Naira 6 a yi misali, saƙo 1,000 ya ci Naira 6,000.

A nan akwai wani abu da ya shafi malamai musamman, tun da su akan roƙa su tsara kalmomin. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Amma da zarar an sa harafi mai lanƙwasa ko da guda, watau ɓ ko ɗ ko ƙ, sai na'ura ta juya saƙon duka zuwa wani tsari wanda ba ya ɗaukar fiye da harafi 70. Saƙo mai harafi 150 sai ya rabu uku, kuɗin da aka yi tsammani Naira 6,000 ya koma 18,000. Malamin da ya saba kiyaye ƙa'idar rubutu zai ji nauyin barin lanƙwasa, amma a wannan wuri gara ya bar ta, ya zaɓi kalmomin da ba za su rikita ba in an rubuta su haka. Kada ya rubuta wa mai sayar da ƙosai saƙon da za a karanta kaya a wurin ƙaya.

Har wa yau, tun 2016 Hukumar ta ba kowa ikon toshe saƙon talla daga layinsa ta lambar 2442. Wanda ya toshe, talla ba ya isa gare shi. Lalle ne mai kaya ya tambayi kamfanin, kafin ya biya, ko za a lissafa masa kuɗin saƙon da bai shiga ba. A Babura kuma, inda masu saye da dama suke ƙetarowa daga Jamhuriyar Nijar, lambobinsu masu farawa da 227 na ƙasar waje ne, saƙo zuwa gare su ya fi tsada. WhatsApp kuwa ba ruwansa da iyaka.

Na biyu shi ne tallan Facebook da makamantansa. Mai kaya yana zaɓen gari, ya zana da'ira kewaye da shi, ya faɗi abin da zai kashe kowace rana, sa'an nan a riƙa nuna hoton kayansa ga masu babbar waya da ke cikin da'irar. Tun Janairu 1, 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin. Abin lura, kuɗin ganin hoto ake biya, ko an saya ko ba a saya ba. A cikin garin Kazaure, inda ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu suke sabunta kowace shekara, mai abinci da mai gyaran waya da mai ɗakin haya suna iya samun biyan bukata, gama baƙo bai san gari ba, kuma wayarsa tana hannunsa. A ƙauyen Gwiwa kuwa masu babbar waya ba su da yawa, dukansu kuma sun san shagon tun kafin a nuna musu. In aka faɗaɗa da'ira domin a sami jama'a, sai ta kai Daura ko Kano, mutumin Kano kuwa ba zai hau mota ya zo sayen sabulu ba.

Yadda za a auna

Tambaya ta fari ga mai neman shawara ita ce, ribar nawa yake samu a kan mai saye ɗaya? Misali, telan da yake cin ribar Naira 1,500 a kan kowane ɗinki, in ya kashe Naira 6,000, mutum huɗu sababbi sun mayar masa da kuɗinsa, na biyar riba ne, kuma mai yiwuwa su komo da Salla. Mai shayin da ribarsa Naira 50 ce a kofi, sai ya sayar da kofi 120 bisa abin da ya saba kafin ya fita. Masu shan shayinsa kuwa su ne masu wucewa ta gaban teburinsa kullum.

Saboda haka tallan da ake biya ya fi kama kayan da ya isa a yi tafiya dominsa: ragon layya, buhunan riɗi da zoɓo waɗanda ake kai wa Dawanau, gadon amarya, ƙofar ƙarfe. Kayan lambu na masu noman rani a bakin madatsar ruwan Kazaure yana da nasa hali, domin tumatir ba ya jira. Wannan ba talla yake bukata ba, kira biyu ko uku ga dillalan 'Yankaba a Kano tun kafin a tsinka ya fi masa saƙo dubu.

Wanda ya nace zai gwada, a shawarce shi ya fara da kuɗin da ba zai taɓa jarinsa ba, na mako ɗaya, sa'an nan ya tambayi kowane sabon mai saye inda ya ji labari, a rubuta. Malamin Dagaci yana iya ja masa layi uku a takarda: rana, abin da aka kashe, wanda ya zo. Yawan masu yaba hoto ba ya shiga lissafi.

Abin da ya rataya a wuyan ofishin Hakimi

Ofishin Hakimi da na Dagaci sukan tara sunaye da lambobin jama'a saboda rabon taki, ko rigakafi, ko tallafi. Za a sami mai zuwa ya nemi a ba shi jerin nan, ko ya saya, domin ya aika talla. Kada a ba shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana a yi aiki da bayanin mutum a kan abin da ba dominsa aka karɓa ba, ta kuma ba kowa ikon ƙin a yi masa talla da lambarsa. Ko ba doka ma, mutanen da suka ga lambarsu ta fita daga hannun malami za su yi nauyin ba da ita ranar da Hukuma take bukata.

Kada kuma a yarda a sa sunan Hakimi ko hotonsa a tallan kowa, domin in kayan ya ɓaci, ƙara zaurensa za ta zo. Masu tallan magani, na gargajiya ko na kanti, a tuna musu sai da izinin hukumar NAFDAC.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 mutane sun saba biya ta waya, ɓarayi kuma sun saba aika saƙon shigar kuɗi na ƙarya. Talla yana jawo baƙin da ba a sani ba, mai kaya kuwa yana ɗokin ciniki. A gargaɗe shi kada ya saki kaya sai ya duba asusunsa da kansa, ko ya je wurin mai POS ya tabbata kuɗin ya shiga. Mai saye shi ma kada ya tura kuɗi a kan hoto kawai, wannan cinikin biri a sama ne. In nisa ya hana shi zuwa, ya wakilta wani a garin ya ga ragon, ya duba haƙoransa, sa'an nan a biya.