Koyon Tsara Hoto da Kayan Gida

Tsara hoto shi ne zaɓen abin da zai shiga hoto da inda zai zauna. Ƙwarya ɗaya ta isa a koya. Ana kunna layukan kyamarar waya masu raba fuskarta gida tara, a ɗora ƙwaryar inda layi biyu suka haɗu maimakon tsakiya. John Thomas Smith ya rubuta wannan ƙa'ida tun 1797. Haske ya fi komai muhimmanci: idan aka ajiye ƙwaryar a gefen taga da hantsi, inuwa za ta fito da zanen jikinta. Sai a kawar da tarkacen bayanta, a durƙusa daidai tsayinta a ɗauka, a sake ɗauka daga sama, sannan a kwatanta hotunan biyu.