Sudusi da Sumuni, Wanne Ya Fi?

Da mu ka tafi gwajin koyarwa a wata makaranta ta ƙasar Malumfashi, mun rubuta 1/6 da 1/8 bisa allo, mu ka tambayi yara wanne ya fi yawa. Kusan duk ajin su ka ɗaga murya su ka ce 1/8, domin takwas ta fi shida. Ba mu ga laifinsu ba. Tun aji ɗaya a ke gaya musu haka, ba wanda ya faɗa musu cewa lambar da ke ƙasan layi yawan masu rabo ta ke nunawa, in kuwa masu rabo su ka yawaita lalle rabon kowa ya ragu.

Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a ƙasar da dukiyar mutane ta ke dawa da masara da auduga. Yaron da ya girma da shi, ran da a ka zo rabon gado sai ya zaci an yi zalunci. Manomin damina ushiri ya ke fitarwa na zakka, watau 1/10. Mai noman rani da ke wahalar ban ruwa kuwa rabin ushiri, 1/20. Ta lissafin yaran nan, mai wahala shi aka fi ɗora wa kaya ke nan!

Kakanninmu da su ka kai auduga Funtua sun sami sauƙin abin, gama sule kwabo 12 ne: rabinsa sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo 4. Tun 1973 da naira ta zo da kwabo 100 wannan ma'auni ya kuɓuce wa malami, don ɗari ba ta rabuwa uku daidai.

Sai mu ka ari dabarar malaman gado, su da kan mai da irin wannan rabo bisa 24. Kowane yaro ya ƙirgo ƙwayar masara 24, a matsayin dami 24 na wani manomi da ya rasu ya bar mata, da uwa, da 'ya'ya mata biyu. Matar tana da sumuni, su ka kasa masara kashi takwas, su ka ga 3. Uwa sudusi, 4. 'Ya'ya sulusi biyu, 16. Saura dami ɗaya, na ɗan'uwan mamaci. Ba mu ce musu kome ba, su da kansu su ka ga huɗu ta fi uku.

Sa'an nan mu ka ba su 3/4 da 5/8 da 2/3 su jera daga ƙarami. Su ka sami 18 da 15 da 16, su ka jera 5/8, 2/3, 3/4. A nan ne kaɗai ya kamata malami ya ambaci ƙa'ida, watau a mai da lambobin ƙasa iri ɗaya kāna a dubi na sama. Wanda ya fara da ƙa'ida, yara za su haddace ta, su manta kafin kaka. Da mu ka kawo 5/6 da 7/8, wata yarinya ba ta ko taɓa masara ba; ta ce kowanne saura kashi ɗaya ya cika, wanda ya rasa sumuni kuwa ya fi wanda ya rasa sudusi kusa da cika.

Lambobin ƙasa da sifiri sun fi ba mu wuya. Mun ja layi a ƙasa, sifiri a tsaka, dama abin da mutum ya mallaka, hagun bashi. Wanda a ke bi rabin buhu ya tsaya nesa a hagun, wanda a ke bi rubu'i ya tsaya kusa da sifiri. Duk da haka wasu su ka nace –1/2 ta fi –1/4, sai da mu ka tambaye su wanne cikin mutanen nan biyu su ke so ya zama ubansu ran da mai bashi ya zo ƙofar gida.