Darasi Ga 'Yan Kasuwa: Idan Rumbun Bayanai Ya Ƙi Karɓar Umarni

Kamfanoni da manyan shaguna da dama suna ajiye lissafinsu ne a rumbun bayanai na kwamfuta. A cikin rumbun akwai ƙananan shirye-shirye da ake kira fankishin, kowanne da aikinsa: wani ya fitar da haraji, wani ya haɗa albashi. Kowane fankishin yana da adadin bayanan da za a miƙa masa, da irinsu, da jerin da za su bi. In aka saɓa adadi ko iri, sai aiki ya tsaya cik.

Ga misali. An fara karɓar harajin VAT a Nijeriya a 1994 kan kashi 5 cikin ɗari, aka mai da shi kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020. A ce mai kula da kwamfutar kamfani ya gyara fankishin ɗin haraji, wanda a da farashi kaɗai yake karɓa, ya zama sai an haɗa masa da kason harajin. Duk shirin rasit da aka manta ba a gyara ba zai ci gaba da miƙa farashi kaɗai, sai rasit ya ƙi fita, mai saye na tsaye.

A irin wannan hali Oracle kan nuna lambar kuskure PLS-00306, MySQL kuma 1318. PostgreSQL kan nuna 42883, ya ce babu wannan fankishin, alhali yana nan. Bayanan ne ba su dace da shi ba. Saboda haka kada a yi gaggawar rubuta sabo.

Abin yi shi ne a buɗe asalin fankishin ɗin a gwada shi da umarnin da aka bayar. Da farko a ƙirga bayanan. Sannan a duba irinsu, ko an miƙa rubutu inda ake bukatar lamba ko kwanan wata. Daga ƙarshe a duba jeri.

Jerin nan shi ya fi haɗari, domin kwamfuta ba za ta yi gargaɗi ba. In aka sa kuɗin da ya fita a gurbin wanda ya shigo, duka lambobi ne, sai ribar Naira 50,000 ta fito a matsayin asara. Oracle da PostgreSQL sun ba da damar ambaton sunan kowane bayani cikin umarni, wanda ke magance wannan.

Mai kamfani ya tabbata an gwada duk wani gyara a kan kwafin rumbun, da lissafin da aka riga aka san amsarsa, tun kafin ƙarshen wata.