Darasin Iyali: A Bar wa Yaro Loma Ta Ƙarshe

A watannin Disamba da Janairu, sa'ad da sanyin Jos ya tsananta, kowace uwa takan tashi da asuba ta sa wa 'ya'yanta rigar sanyi. Akwai yaron da ya kai shekara 4, amma yatsunsa ba su iya kama maɓalli ba, cokali ma faɗuwa yake yi daga hannunsa. Saboda tausayi da sauri, sai uwar ta yi masa kome. Tausayin nan kuwa yakan zama masa cikas, gama hannun da ba ya aiki ba ya koyo.

Akwai fannin jiyya da aka keɓe domin wannan, wato jiyya ta hanyar ayyukan yau da kullum. Likitan gashi yakan ƙarfafa gaɓoɓi domin yaro ya tsaya, ya yi tafiya. Ma'aikacin wannan fanni kuwa yana duban abin da yaron zai yi da gaɓoɓin: ci, sa tufafi, wanka, riƙe fensir, da wasa. Tun 1988 Nijeriya take da hukumar da ke yi musu rajista, amma har yanzu kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka yawancin aikin yana hannun iyali.

Yawancin jarirai sukan zauna da kansu kafin wata 9, su tsinci ƙwayar abinci da babban yatsa da manuni wajen cikar shekara, su yi tafiya kafin wata 18. In yaro ya yi jinkiri sosai, musamman wanda bai yi kuka da wuri ba ranar haihuwa, ko ya yi ciwon shawara mai tsanani a makonsa na fari, ko sanƙarau, bai kamata a jira ba. Wannan lahani ne a ƙwaƙwalwa, ba maita ba, ba kuwa la'ana ba. Sai a kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ko Asibitin Jankwano wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1959, yanzu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham. Cibiyar Open Doors, wadda aka kafa a Jos a 1999, tana koyar da yara masu jinkirin koyo.

A gida, zama shi ne farko. Yaron da ƙafafunsa ke reto daga kujera yana kashe ƙarfinsa wajen tsare jiki, hannu kuma sai ya rasa natsuwa. A zaunar da shi a kusurwar ɗaki, bango na tokare da bayansa, ko a kan 'yar kujera, tafin sawunsa a ƙasa. A naɗe mariƙin cokali da tsumma har ya yi kauri, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle ƙarƙashin kwano don kada ya zame. Gwate mai kauri ya fi kunu zama a cokali. Mulmula tuwon acca da tsinke ganyen zogale suna horar da yatsu ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Sai dabarar koyarwa daga baya. Uwa ta ɗebi abinci, ta riƙe hannun yaron har kusa da baki, sa'an nan ta saki, shi ya ƙarasa. In ya ƙware, gobe ta saki tun daga rabin hanya. Haka ma riga: ta tura maɓalli rabi cikin rami, shi ya jawo. Ta haka kullum shi ne mai gamawa, murnar gamawa kuwa ita ke sa ya sake gwadawa. Abinci zai zube, za a makara zuwa makarantar Lahadi. Sai a tashe shi minti 15 kafin 'yan'uwansa.