Ka Tare Kafin Ka Gama Biyan Kuɗin Gida?

Rigima takan faro ne idan mai saye ya ba da kafin alƙalami, ya tare da iyalinsa, sannan ciko ya gagara. Mai gida ya ga farashi ya tashi, sai ya ce a fita.

Kafin ka karɓi makulli, a rubuta yarjejeniya gaban lauya da shaidu: nawa aka biya, yaushe za a cika, kuma in ciniki ya warware, wa zai ɗauki nauyin gyaran da ka yi. Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa. Ka adana kowane rasit.

Kai kuma mai sayarwa, kada ka kware rufi ko ka turo 'yan daba. Kotu ce ke fitar da mutum, ka kai ƙara.