Haƙƙin Naƙasassu a Gandayen Dajin Amurka

Darasinmu na yau a kan gandayen dajin Amurka ne, da yadda doka ta ba naƙasassu hanyar shiga cikinsu. Ku sani, a can akwai dazuzzuka masu yawa a hannun Gwamnatin Tarayya, waɗanda ta keɓe don jama'a su je shan iska da kallon namun daji. Babban gandu na farko shi ne Yellowstone, wanda aka keɓe a 1872.

To, in an ce wuri na jama'a ne, gurgu da makaho suna cikin jama'ar. Saboda haka a 1968 Majalisar Dokoki ta yi doka, cewa ginin da za a yi da kuɗin Gwamnatin Tarayya tilas a yi shi yadda naƙasasshe zai iya shiga. Ofisoshin gandu da masaukan baƙi suna cikin wannan. Har wa yau, ɗan ƙasa mai naƙasa ta dindindin ana ba shi takardar shiga kyauta, wadda za ta yi masa aiki muddin ransa. A 2013 kuma aka kafa ƙa'idar sababbin hanyoyin ƙafa: faɗinsu kada ya gaza inci 36, wato yadi ɗaya, sai fa inda yanayin wurin ya hana.

Amma akwai wata wuya. Tun 1964 an yi dokar da ta ware waɗansu dazuzzuka don a bar su yadda Allah ya halicce su. Ba a yin titi a cikinsu, mota ba ta shiga, ko keken hawa ma an hana. Yaya ke nan za a yi da gurgu, wanda kekensa shi ne ƙafarsa?

Dokar naƙasassu ta 1990 ita ta raba gardama. Ta ce wanda ba shi iya tafiya sai da keken guragu yana da ikon shiga da shi. Sharaɗi shi ne, keken ya zama an ƙera shi don naƙasasshe kaɗai, irin wanda ake iya yawo da shi cikin gini. Amma dokar ba ta tilasta wa hukuma ta sare itatuwa ko ta baje tudu dominsa ba. Da haka aka ba gurgu haƙƙinsa, daji kuwa aka bar shi yadda yake.

Tambayoyi

1. Me dokar 1968 ta ce game da gine-ginen Gwamnati?
2. Don me aka yarda da keken guragu inda aka hana keken hawa?
3. Ku duba filin wasa ko wurin shan iska na garinku. Ta ina mai keken guragu zai shiga?