Kada ka aiki yaro kasuwa sau 812

Ɗana, na duba aikin da ka turo mini, wanda ka jera jihohi da ƙananan hukumomi da mazaɓu a manhajarka. Ya yi kyau, Allah ya yi maka albarka. Sai dai ka ce shafin yana jan ƙafa kafin ya buɗe, har kana ɗora wa intanet laifi. Ka ƙyale ta tukuna, zo mu yi lissafi.

A cikin rumbun bayananka babu wata bishiya. Teburi ne kawai, layi bisa layi, kowane layi na ɗauke da lambarsa da lambar ubansa. Fagge ta san a ƙarƙashin Kano take, iyakar saninta ke nan. Ita kuwa Kano, layinta bai riƙe sunan ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta 44 ba. Kai kuma a Python so kake ka ɗaga Kano ka ga 'ya'ya da jikoki rataye a jikinta. Django ne dillalin da ke tsakaninku, kuma biyayyarsa ta yi yawa: duk sanda ka nemi 'ya'yan wani, sai ya ruga rumbu ya tambayo, ba zai ce maka uffan ba.

To ƙirga. Aike ɗaya ya kawo jihohi 36 da Abuja. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman ƙananan hukumominsu, aike 37. Ka sake bin ƙananan hukumomi 774 kana neman mazaɓunsu. Jimla 812, don shafi guda! Ka taɓa ganin uwar gidan da ta aiki yaro ya sayo gishiri, ya dawo ta ce daddawa, ya dawo ta ce barkono? Ni ma na yi wannan kwaɓar da ƙuruciya, kuma ban gane ba sai da aka daina gwaji da layi goma aka zuba bayanan gaske.

Maganin ba shi da wuya. Mazaɓun da INEC ke aiki da su 8,809 ne. Ka haɗa da na sama, duka ba su kai layi dubu goma ba. Kwaso su a aike ɗaya, ka ajiye kowane a ƙamus da lambarsa, sannan ka zagaya sau ɗaya kana miƙa kowane ɗa ga ubansa. In kana jin ƙyuya, prefetch_related zai yi maka da aike uku. Idan kuma bishiyar ba a san zurfinta ba, kamar salsalar dangi, ko reshe ɗaya kake so, akwai WITH RECURSIVE. PostgreSQL ta samu shi a 2009, MySQL sai 2018. Ku kun tarar da tuwo a tuƙe.

Na ji kana sha'awar tsarin nan da Joe Celko ya yayata, wanda ake ba kowane layi lambar hagu da ta dama, irin na django-mptt. Karatu da shi akwai sauri, ban musa ba. Amma ka tuna 1991, da aka cire Jigawa daga Kano. A teburinka na yanzu, mayar da Dutse ƙarƙashin sabon uba gyaran lamba ɗaya ne. A wancan kuwa sai an sake wa layuka masu ɗimbin yawa lamba. Ka fara auna wanne ya fi yawa a aikinka, karatu ko sauyi.

Abu ɗaya da ke ba ni tsoro: ban ga inda ka hana layi zama kakan kansa ba. Ma'aikaci ɗaya ya yi kuskuren zaɓen uba, manhajar za ta yi ta kewaye har ta sume. Kafin ka adana kowane sauyi, bi iyaye zuwa sama, in ka ci karo da wanda ka fara da shi, ka ƙi karɓa.

Sanya Django Debug Toolbar yau da dare, ka buɗe shafin nan, ka rubuta adadin aiken da ya nuna maka kafin gyara da bayansa. Ka zo mini da su ranar Asabar bayan la'asar. Ka gaida mutan gida.